Tsohuwar da Ta Ƙi Cewa Ilu Sannu

Wata rana wata tsohuwa ta yi sallama a gidan wani magini a Funtuwa. Sunansa Ilu.

Wata goma sha huɗu ke nan rabonsa da ƙofar gida.

Daga saman bene ya faɗo, katakon da yake takawa ya karye. A asibiti aka ce lakarsa ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Aka dawo da shi gida, aka shimfiɗa masa katifa a ɗaki, nan ya zama duniyarsa. Taga ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabta take kallo.

Matarsa Hansatu ba ta gaza ba. Ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka, ita ke zubar da robar fitsari. Ko kofi ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ta riga shi.

Keken guragun da 'yan'uwa suka sayo yana jingine a bayan ƙofa. Sau ɗaya ya gwada hawa, ya zame. Tun daga nan Hansatu ta ce ba za a sake ba, shi ma bai musa ba.

Masu dubiya kuwa, sai su tsaya a kansa su tambayi Hansatu yaya jikin nasa, kamar ba ya ɗakin.

Mutumin da a da leburori ashirin ke jiran umarninsa.

Har ya kai in ya ji sallama, sai ya juya fuska bango ya yi kamar barci yake.

Ran nan ma haka ya yi.

Amma wannan tsohuwar, Hajiya Ladidi, ba dubiya ta zo ba. Shi ya gina mata gida shekara tara da suka wuce. Bara ta sa wani ya ƙara mata ɗaki, yanzu bangon ya tsage, jikokinta kuma a ciki suke kwana. Magina uku sun duba, kowa da abin da ya faɗa.

Hansatu ta yi ta ba ta haƙuri, ta ce ai Malam ba ya fita. Hajiya ta wuce ta, ta ɗaga labule.

"Ilu, na san idonka biyu. Yaushe za ka zo ka duba min bangon nan?"

"Hajiya, ai kin ga yadda na koma."

"Na gani. Ni ba ƙafarka na zo nema ba. Idonka na zo nema."

Ta ce za ta turo mai Keke Napep ranar Asabar, ta sa takalminta ta fita. Ko sannu ba ta ce masa ba.

Ransa ya ɓaci. Ya daɗe yana kallon silin. Can sai ya lura, tun da ya faɗo, yau ne karon farko da wani ya zo neman wani abu a wurinsa.

Washegari ya ce wa Hansatu ta jawo keken, ta danne tayoyin, amma kada ta taɓa shi.

Ya dafa, ya faɗi. Ya sake dafawa, ya sake faɗi, gwiwar hannunsa ta goge. Hansatu na tsaye tana hawaye, ta riƙe hannayenta a baya don kar su kai gare shi.

Sai a rana ta uku ya zauna a kai da ƙarfin damtsensa.

Ranar Asabar aka fito da shi. Rana ta kashe masa ido. Mutanen layi suka bar abin da suke yi suna kallo, sai da ya ji kamar ya ce a mayar da shi ɗaki.

A gidan Hajiya ma, maginan nan uku suna wurin, keken suka fara kallo.

Ya sa aka tura shi gindin bango. Ya bi tsagar da ido, ya ƙwanƙwasa bulo, ya ce a tona nan. Aka tona, sai ga laima. Ruwan kwata ne ke bi ta ƙarƙashi yana cin harsashin ginin.

Babban maginin ya durƙusa kusa da keken, ya tambaye shi ta ina za su fara.

Har yau Ilu bai taka ba, likita ma bai yi masa alkawari ba. Akwai ranakun da ciwo ke hana shi ko leƙa tsakar gida. Amma shi ke yi wa kansa wanka yanzu, kuma ranar da ya samu sauƙi, ana zuwa a ɗauke shi duba gini.

Darasi:

Wani lokaci tausayinmu ne ke kulle mara lafiya a ɗaki. Ka taimaka masa da abin da ya gagare shi, ka bar masa abin da zai iya. Ka nemi shawararsa. Ka bari ya ji har yanzu ana bukatarsa.

In ka san gidan da ake jinya irin wannan, tura musu labarin nan. Wataƙila akwai wanda ya juya fuska bango yana jira a kira shi.