Kunnen Mai Gyaran Jirgi

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran ƙananan jirage masu farfela ɗaya a hanci, waɗanda ake feshin gonaki da su. A wurin aiki Mai Kunne suke ce masa. Inji na ruri, sai ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya ce fulogi na uku ne ba ya ci. A kwance injin, a tarar haka ne.

Ban yi karatu mai nisa ba, a kan tabarma ya koya mini abin da na sani. Ya ce farfela cizon iska take yi, tana jan jirgin gaba. A bayan kowane fiffike kuma akwai ɗan marfi mai motsi. Matuƙi ya karkata sandar tuƙi dama, marfin dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, jirgi ya kwanta dama. Wayoyin ƙarfe ne ke jan su.

Ni na fara ganewa. Rediyonmu ya ƙara murya. A kira sallah a bayan layi, yana zaune sai na taɓa shi. In ina magana, bakina yake kallo.

"Malam, ka je a duba kunnen nan."

"Muryarki ce ta tsufa, Hajiya, kunnena ƙalau." Ya yi dariya. "In suka sani, gida za su ce in zauna. In yi me? In taya ki tsintar shinkafa?"

Na rufa masa asiri. Har yau ina neman gafara a kan wannan.

A rumfarsu ta gyaran jirage, in an canza wayoyin nan, mutum ɗaya kan shiga kujerar matuƙi ya karkata sanda, ya ɗaga murya ya ce "Dama!" ko "Hagu!" Na waje ya duba marfin, ya amsa "Daidai!" Malam ne na waje, kuma ya daɗe yana karanta leɓen mutum ta gilashi. Ranar da abin ya faru, rana ta haske gilashin, bai ga komai ba. Abokin aikinsa Dogo ya ce "Dama!" Marfin hagu ya ɗaga, don an sarƙe wayoyin. Malam ya ɗauka hagu aka ce, ya amsa "Daidai!" Ya sa hannu a takarda.

Dogo ne ya zo har gida ya ba ni sauran. Matuƙin jirgin ya ja shi zuwa bakin titin tashi, ya gwada sanda, ya waiwaya ya ga marfin da bai kamata ba ne ya ɗaga. Ya kashe inji, ya dawo da ƙafa. Ya tarar da Malam ya ba da baya yana goge sifana, ya kira shi sau uku daga taku biyu. Bai juyo ba.

Matuƙin ya zagayo gabansa, ya yi magana a hankali yadda zai ga bakinsa: "Baba, 'ya'yana uku. Ƙaramar ko yaye ba a yi ba."

Malam bai jira a kore shi ba. Ya ajiye mabuɗin akwatin kayan aiki a teburin oga, ya taho. Oga ya aiko a ce ya dawo ya riƙe sito, ya ce a gode masa.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yawanci a kujerar bakin ƙofa da carbi. Maƙwabta na kawo masa fanka da injin ban ruwa, yana mayar da su bai taɓa ba. Wani lokaci muna cin abinci sai ya tsame hannu, ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa:

"Hajiya, da matuƙin nan bai waiwaya ba fa?"

Nakan ce Allah Ya tsare, ai ya waiwaya. Sai ya sunkuyar da kai kafin in gama.