Ƙwan LED da ƴan tsakin Kaka

"Angona, zo ka ga aikinka!"

Da wannan kiran Kaka ta tare ni yau da safe a gidanmu na Mafoni, ko shayi ban kurɓa ba. Haka take kirana idan na yi mata laifi.

Jiya ne na cire tsofaffin ƙwayayen halojin na gidan kaf, na sa LED, don batirin sola ya riƙa daɗewa. Har ɗan ɗakin da take kiwon kaji ban bari ba.

Ina leƙawa sai na ga ƴan tsakinta sun cure a lungu, suna ta rawar ɗari. Ga shi an kwana ana ruwa. Ko tsabar da ta zuba musu ba su taɓa ba.

Na ce, "Kaka, ai wannan ƙwan ya fi haske, kuma ko kaɗan ba ya zafi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To karatu aka ce maka suna yi? Zafin nake so, shi ne uwarsu!"

Da gudu na zazzage kwalin da na tara tsofaffin, na mayar musu da nasu. Kafin shayina ya huce sun warware, suna ta tsattsagar gero. Ko ɗaya bai mutu ba, alhamdu lillahi.

Kaka ta ce ta yafe, amma an rage mini matsayi, ba ni da cinya ranar Salla.

Ashe abin da na ɗauka aibin ƙwan ne, shi ke raya wasu. Ku fa, wane gyara kuka taɓa yi ya zama ɓarna?