Ranar da muka yi tsere da kwalta

Shekarun baya, lokacin da layinmu na Mahuta yake komawa kogi duk damina, maƙwabcinmu na tsallaken hanya ya haƙa bohol mai aiki da sola. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin masaƙa. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka binne fayif ta ƙarƙashin hanya ka ja wa Mama ruwa, tun kwalta ba ta zo ba."

Dariya na yi. Sau uku ana zuwa a auna hanyar nan a kafa turaku, ƙarshenta awaki ake ɗaurewa a jiki. Na ce, "Baba, kwalta kuma? Sai dai jikokinmu." Haka na yi ta yau da gobe har shekara biyu. Ni ina wurin aiki, mahaifiyata kuwa kullum tana tsallakawa da bokiti, ga ciwon gwiwa.

Wata Asabar da safe ina shan kunu, sai na ji ƙasa tana rawa. Na leƙa. Jama'a, katafila! Ga gireda, ga tifa-tifai, ga rola tana danne jar ƙasa daga bakin layi. Unguwa ta ɗauki ihu, har da masu buga murfin tukunya. Ni ma na daka tsalle da kofi a hannu. Ina juyowa muka haɗa ido da mahaifiyata. Bokitinta kawai ta kalla. Nan take murnata ta koma ciki.

Na ruga wajen shugaban ma'aikatan da silifa ƙafa ɗaya. Na ce, "Oga, abeg, fayif ɗaya tak." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ina kake tun da? Rola za ta iso ƙofarku wajen ƙarfe uku. Idan ka binne kafin nan, sa'arka. In ta wuce, ba mai fasa mana hanya." Har na juya ya ƙara da cewa, "Kuma ka sa babban fayif, ka zura ƙaramin a ciki."

Na tura abokina zuwa Sabon Tasha a Keke mai ƙafa uku ya sayo kaya, ni kuma na ari diga. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba! Sara goma, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu, ramin ko kaza ba zai ɓoye ba. Rola kuwa sai matsowa take yi.

Ashe mahaifiyata ta lallaɓa coci, inda 'yan zumuntar mata suke koyon waƙa. Sai ga su sun ɓullo, sun kai ashirin, ɗamara a ƙugu, wata da fartanya, wata da shebur, wata da kwanon sha. Shugabarsu ta karɓe digar daga hannuna ta ce, "Matsa, ɗan boko, je ka kawo mana ruwan sha." Suka ci gaba da waƙarsu, sara yana bin kiɗa. Samarin layi suka ji kunya suka shigo. Baba maƙwabcinmu ma ya fito yana gwada zurfi da sandarsa yana cewa, "A ƙara, a ƙara!"

Abokina ya iso, fayif ya leƙo ta bayan Keke yana jan ƙasa. Muka shimfiɗa, muka zura, muka mayar da ƙasa muna tattakawa. Saura gida biyu mai rola ya iso ƙofarmu, kuma na rantse da gangan ya tsaya shan ruwa. Da ya hau kan wurin ya wuce, guɗar da matan nan suka rangaɗa sai da ma'aikatan suka tsaya kallo. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Washegari bayan mun dawo coci, mahaifiyata ta murɗa famfo a tsakar gidanta. Ta daɗe tsaye, ruwa yana zuba a tafin hannunta.

Tun daga nan na daina raina turakun awo, na kuma daina ce wa Mama gobe. Yanzu gida biyar ke shan ruwa ta cikin babban fayif ɗin nan. Baƙi in sun zo sukan yaba santsin titinmu, sai mahaifiyata ta nuna daidai ƙofarmu ta ce, "Ku naku yana sama. Nawa yana ƙasa."

Bokitin yana nan har yau. Ta shuka tattasai a ciki, ta ajiye shi daidai inda ba zan fita gida ban gan shi ba.