Na Gaida Surukina da Allurai a Baya

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Ciwon baya ya kai ni unguwar Bulumkutu, wajen mai maganin allurai irin na Sin. Na cire riga, na kwanta rubda ciki, ya jera min allurai daga wuya har ƙugu. Ya ce, "Kar ka motsa."

Sai ga sallama. Muryar baban matata Falmata! Wallahi ban san lokacin da na diro na durƙusa ba. Ba riga, tumbi a waje, baya duk allurai!

Mai maganin ya daka tsawa, "Malam, koma ka kwanta!"

Baba ya kau da kai, ya ce masa, "Lallaɓa shi, wannan bushiyar mijin 'yata ne."

Gobe kuma akwai suna a gidan Baba, dole in je!