Kwalbar da aka ba Baba

Ranar Laraba ce, cikin bazara, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe. Mu uku ne a ƙofar ɗakin tiyata a Diffa: ni, da matar yayana, da ƙanen mahaifinmu wanda muke ce wa Baba. Yaya na ciki, ana cire masa ɗan maraina na hagu.

Wata huɗu yana ɓoye kumburin. Ya ɗauka gwaiwa ce irin ta masu ɗaukar kaya, shi da ya girma yana jidar buhunan tattasai a bakin Komadugu. Da aka yi masa hoton eko, mai nuna cikin jiki, likita ya ce ba ruwa ba ne, ƙari ne mai tauri, kuma kamanninsa ba su yi masa daidai da waɗanda ya saba gani ba. Ya yi mini bayani da Faransanci: abin da za a cire za a saka shi a kwalba cikin ruwan magani, mu tura shi Yamai a duba. Wannan binciken kaɗai zai nuna ko sankara ce mai yaɗuwa, ko kuwa aikin ya wadatar.

Ni ne mai fassara wa dangi. Amma ban iya buɗe baki na ambaci wannan gaɓa a gaban ƙanen ubana ba. Na ce masa kawai za a yi aiki, a cire ciwon.

Ana cikin haka aka miƙo takardar magani, na fita kantin magani. Akwai layi. Na dawo ƙarfe ɗaya saura kaɗan, na tarar an fito da Yaya yana barci, matarsa na yi masa fifita. Ma'aikacin jinya ya ce ya ba babbanmu kwalbar ya riƙe kafin in dawo, ya kuma tambaye ni ko na sami motar Yamai ta gobe. Na dubi matar Yaya. Ta sunkuyar da kai, ta ce Baba ya naɗe wani abu a rawaninsa ya tafi gida.

A wajenmu, duk abin da aka yanke daga jikin Musulmi binne shi ake yi, ko da yatsa ne. Wayar Baba a kashe take. Gidan kuma yana Gagamari, inda danginmu suka koma tun da aka tashe su daga bakin kogi. Lokacin an hana hawa babur saboda rashin tsaro. Na jira mota ta cika, muka tsaya a shingen sojoji aka duba takardun kowa, ina kallon agogo.

Na same shi a gindin bishiyar bedi yana alwalar la'asar. Kwalbar na gefensa, wankakkiya, babu komai ciki. Ya ce ruwan ya yi masa yaji a ido, ya zubar da shi. Naman kuwa ya wanke shi, ya sa a farin ƙyalle, ya rufe shi a gefen maƙabarta.

Na durƙusa na gaya masa komai, da sunan gaɓar, da dalilin kwalbar. 

"Kai da kake fassara wa kowa magana," in ji shi, "a gabana ne bakinka ya mutu? Ni na kai shi kaciya, kai ma ni na kai ka."

Na ba shi haƙuri. Ya ce bai taɓa tone abin da ya binne ba, kuma ba ya son farawa da tsufansa. Na ce idan aka bar shi a ƙasa, Yaya zai zauna bai san abin da ke jikinsa ba, likita ma ba zai san maganin da zai ba shi ba.

"To ɗauko fartanya. Amma hannunka ba zai taɓa ba, ƙane ba ya ganin tsiraicin wansa."

Ramin bai kai kamu biyu ba, yashin da zafi. Na kira likita ina tsaye a wurin. Ya tambayi awa nawa ke nan da fitar da naman daga ruwan magani, na ce kusan uku. Ya ce kada a ƙara wankewa, a kawo yanzu. Baba ya riƙe ƙyallen a cinyarsa har Diffa.

Sakamakon ya zo daga Yamai bayan sati biyar. An gane irin ƙarin, wanda ba a cika samu ba, kuma yawancinsa ba ya yaɗuwa. Amma gefen naman ya lalace, don haka ba a iya tabbatar da ko na Yaya na cikin masu yaɗuwar ba. Tun daga nan, duk bayan wata shida yana zuwa Damagaram a yi masa hoton ciki da ƙirji.