Ranar da Mma Ta Tafi Neman Rauta a Agbogbloshie

Shekarun baya, ina ɗan saurayi a unguwar Nima, na sa wa raina sai na ci jarabawar nan ta masu saita rauta. Ga wanda bai sani ba, rauta ita ce 'yar akwatin da ke raba intanet, tana nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Jarabawar ta 'yan koyo ce, matakin farko, amma yadda nake ɗaga kafaɗa a unguwa sai ka rantse jirgin sama zan ƙera.

Karatun ba ya yiwuwa da littafi kaɗai, sai hannu ya taɓa. Abokina mai sana'ar tsofaffin ƙarafa a Old Fadama ya samo mini wata tsohuwar rauta, gefenta a fashe, fankarta na kuka kamar injin niƙa. A kanta na koyi komai. In saita, in ɓata, in goge, in sake. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, waakye take sayarwa a bakin titin Maamobi, shinkafa da waken nan namu. Ba ta taɓa tambayata me akwatin ke yi ba. Ta dai san in tana shara ba a matsar da shi.

Saura 'yan kwanaki jarabawa, wata la'asar aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji "fat!", sai ƙauri ya cika ɗaki. Rauta ta mutu. Na kira abokina, ashe ya tafi Tamale gaisuwar rasuwa. Ga shi akwai sashen da ban ƙware ba tukuna, kuma na san halina, in na faɗi da wuya in sake komawa. Na zauna a bakin ƙofa na haɗa kai da gwiwa.

Haka Mma ta dawo ta same ni.

"Wa ya rasu?"

"Mma, na'urata ce ta ƙone."

"To alhamdulillahi, ba mutum ba ne. Tashi ka yi alwala."

Haushi ya turnuƙe ni. Na ce a raina, ita dai tsohuwar nan ba ta san me ake ciki ba.

Washegari na nemi gawar rautar na rasa. Ranar ce Mma ke zuwa kasuwar Agbogbloshie sayen albasa, amma har azahar ta wuce ba ta dawo ba. Can sai ga ta ta sauko daga trotro, motar hayar nan tamu, tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo, rungume da ƙunshi a cikin tsohon zani.

Daga baya mai albasarta, wani mutumin Nijar, ya ba ni labari yana dariya. Wai rumfa-rumfa ta riƙa bi, tana kwance zani tana nuna ƙonannen akwatin, tana tambaya da Hausa da Twi: "Ina ake samun ƙanin wannan?" Shi ya tura ta wurin wani direba, direba ya haɗa ta da wata mai dako, ita kuma ta ja ta har cikin 'yan ƙarafa, inda hayaƙi ke sa ido hawaye.

Na kwance ƙunshin, sai ga akwatuna uku da ta sayo. Na sama dikodar talabijin ce. Na biyu na'urar kallon faifai. Na dubi Mma.

"Duk fuskarsu ɗaya," in ji ta. "Na ce su ba ni duka, kai ka zaɓa."

Na ƙasan kuwa rauta ce, ta gaske, har ta fi tawa ƙuruciya. Na jona ta. Fitilun suka yi ɗan jinkiri, sannan suka kama, kore shar. Mma na tsaye a bayana, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ya tashi?"

"Ta tashi, Mma."

"To ka ci abinci, kafin shi ma ya mutu."

Na rubuta jarabawar a wata cibiya kusa da Circle. Na ci, ba da wani maki na a zo a gani ba, amma na ci. Na ruga wurin sana'arta na gaya mata. "Madalla" kawai ta ce, ta ci gaba da zuba abinci, sai dai na ga ta ƙara wa mutumin da ke gabanta ƙwai da bai tambaya ba.

Yau aikina ke nan, ina saita manyan rautoci a ɗakuna masu sanyi. Da ina ɗauka sai mutum ya fahimci damuwarka kafin ya iya ɗaukar maka ita. Mma har gobe ba ta san me nake yi ba, cewa take ina "gyaran waya".

Kwanakin baya na tambaye ta ko ba ta ji kunya ba, tana yawo a kasuwa da abin da ko sunansa ba ta sani ba. Ta ɗago daga tsintar wake ta harare ni.

"Kunyar me? Ni ba akwati na gani ba. Fuskarka na gani."