Ragon Sunan Ɗiyata

Ina cikin jegon fari a Bakura aka sace ragon suna, rana tsaka, maza na masallacin Juma'a. Na fito daga wanka na tarar da turke wayam. Na zauna a ƙasa da jaririya ina kuka. Ɗiyar fari, a ce ba a yanka mata ba? Dangina na Birnin Tudu sun riga sun ɗaura niyyar zuwa.

Kowa ya ce ɓarayin daji ne, a bar wa Allah. Maigida dai ya kai ƙara, ya dawo da 'yar sanda. Ina ɗaga ido na gane ta. Tare muka yi tallan ƙuli muna yara, ni aka cire ni daga makaranta, ita ta wuce Mafara karatu. Ga ta cikin kaki, ga ni da zane mai warin nono.

"Ƙawa, barka da arziki. Kin yi ƙiba!"

"Lahiya lau," na ce, ban ƙara ba.

Ta durƙusa gaban turke ta ɗauki igiya. Ta ce ba yanke ta aka yi ba, kwance ta aka yi, aka naɗe kamar yadda dillalan kara ke naɗewa. An kuma watsa wa tumaki dusa don kada su yi kuka.

"Ɗan daji ba shi da wannan ladabi," in ji ta. "Wannan ragon ya san wanda ya kwance shi. Irinsu ba su gudu. Su ke fara zuwa jaje, su fi kowa tsine wa ɓarawo."

Maigida sai "ranki shi daɗe" yake, yana gyaɗa kai. Ni tun da ya aure ni bai taɓa sauraren maganata da baki buɗe haka ba. Kuma igiyar nan ni na fara ganinta. Igiya kawai na gani.

Ta juyo. "Ƙawa, ba abin da ke wuce idonki. Wa ya fara sallama?"

Na sani sarai. Maƙwabcinmu dillali, wanda ke kawo mana dusa. Tun ba a watse daga masallaci sosai ba ya tsaya a zaure yana Allah ya isa. Ban so faɗa ba, don na san in na faɗa, sunan 'yar sandan za a yi ta kira a gari. Jaririya ta motsa a hannuna. Na faɗa.

Ran Talata aka kama shi da ragon a kara, a Mafara. An yanka wa ɗiyata, dangi sun ci.

Da aka raɗa suna, maigida ya leƙo yana murmushi. Sunan 'yar sandan ya sa mata, wai ko ta ɗauko kaifin kanta.

Yarinya yanzu tana gudu a tsakar gida. Kowa na kiranta da sunan. Ni Ƙanƙanuwa nake ce mata, kuma ta fi saurin amsa nawa.